Ɗakin da Baba Maccido Ya Ƙi Ci

"Ɗauke shi, na ƙoshi," in ji Baba Maccido, ya ture kwanon kunun da bayan hannu.

Aron turmi ya shigo da ni na tarar da su haka. 'Yarsa Atika tana durƙushe, idonta jawur. Kwanaki ke nan bai sa komai a baki ba sai ruwa, magani ma ya daina karɓa.

Duk unguwarmu a Wurno mun san zancen. Shekarar da ambaliya ta kwashe shinkafarsa, ƙafa kuma ta ƙi, ya jinginar da gidansa ga Alhaji Sa'adu mai albasa. Sharaɗin da daɗin ji: Alhaji zai riƙa aiko gero da kuɗin magani duk wata, tsoho ya zauna a gidansa iya ransa, in ya rasu a cire abin da ya ci daga gidan. Har barka muka yi masa, mu sarakan wayo. Ba wanda ya zaci zai daɗe haka. Ana nan mijin Atika ya rasu, ta dawo da yara biyu.

"Haba Baba," na ce, "mi kaka son ka yi ma yarinyag ga?"

"Zamna, Laraba," ya ce da ni. "Zaure na canye shi bara. Ɗakin uwatta na shanye shi magani. Saura wanga da nika kwance ciki. In ni kai damana, shi ma ya tahi. Ina za ta kai ɗiyanta?"

"Ni ban son ɗakin!" Atika ta fashe da kuka. "Ko gindin icce mu kwana, kai dai ka sha!"

Ya juya fuskarsa bango. Wallahi na ji haushinsa, na kuma ji tsoron Allah a kansa.

Ya cika kafin ruwan farko.

Bayan sadakar bakwai Alhaji ya zo da mai unguwa da magini. Bai ci ko taƙi ɗaya da ba nasa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ba wanda zan zaga. Suka ja igiya a tsakar gida. Rijiya da murhu suka faɗa ɓangaren Alhaji, ɗakin tsoho ya rage wa Atika.

Da la'asar na leƙa ta katanga. Ta share ɗakin fes, ta shigar da kayan yara. Ita kuwa tana zaune a bakin ƙofa, ta ba ɗakin baya, ta kasa shiga.