Ranar da Tsautsayi Ya Samu Hutu

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu in na tuna sai in yi dariya, sai kuma gabana ya faɗi.

Na tsinci kaina a wani gari inda ruwan sama ke tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama. Mutanen garin sun saba, kowa ya kife lemarsa yana kare ƙafafu. Ni kuwa zanena ya jiƙe sharkaf, ina tafe ina mita, don ni Ladidi mai injin markaɗe ba a san ni da haƙuri ba.

Sai ga ni a wani ofis. Ma'aikatan duk awaki ne, kowacce da teburinta. Babbansu wani bunsuru ne mai tabarau, warinsa kuwa ba a magana. A jikin bango an rubuta Ofishin Saura Kaɗan.

"Ranka ya daɗe, me kuke yi a nan?" na tambaye shi, ina toshe hanci da dabara.

"Duk wanda ya kusa jin ciwo a wurin aiki, muna rubutawa," in ji shi. "Mai walda da tartsatsi ya wuce ta gefen idonsa, birkilan da tsani ya yi wa rawa. In saura kaɗan ta kai uku, ta huɗun ba ta rage komai."

Ya lashi kofato ya buɗe wata takarda. "Kuluwa, ƙanwarki, wadda ke tsaya miki a inji. Sau uku gyalenta yana taɓa bel ɗin da ke juya injin. Duk sau ukun dariya kuka yi, kuka ce Allah Ya kiyaye."

"To ai Ya kiyaye."

"Ya kiyaye sau uku. Ke me kika yi?" Ya gyara tabarau. "Na huɗu yau ne da hantsi. Hannun dama, har kafaɗa."

Wayyo Allah! Kuluwa da na goya a bayana, wadda duk unguwa ake layin kitsonta ranar Juma'a. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na ce a goge yanzu-yanzu.

"Mu ba ma gogewa, cinyewa muke yi. Amma takarda ba ta ciyuwa sai an gyara abin da ke cikinta." Ya miƙa wa wata akuya, ta gatsa, sai ji muka yi ƙwas, kamar ta ciji ƙarfe. "Ina murfin bel ɗin?"

Na sunkuyar da kai. Shekara biyu ke nan da na sa aka kwance shi saboda ƙarar da yake yi. Yana saman kwanon rufin ɗakina, a kansa nake shanya kuɓewa.

A bakin ofis wani dattijo na zaune a benci, takalmansa duk sun cinye, yana fifita da hula.

"'Yata, ni ne Tsautsayi," ya ce. "Rabona da hutu har na manta. Mutum ya bar wayar wuta tsirara, a ce ni ne. Ya hau gini ba igiya, a ce ni ne. Yau ake sunan jikata, ga shi an tura ni gidanki da hantsi. Don Allah ki rufa min asiri."

"Baba, ashe kai ma ba ka so?"

"Wa zai so wannan aiki? Taso, komai da aka yar yana can sama."

Muka zauna cikin bahon wanki, ruwa ya ɗaga mu cak. A kan gajimare muka tarar da hulunan kwano da safar hannu da tabarau na walda suna kiwo abinsu. Can gefe ga murfina, yana ganina ya juya min baya.

"Ke ce kika ce na cika surutu," in ji shi. "Ƙusa biyu ce ta kwance. Ɗaure ni kawai za ki yi."

Ni da ba na ba kowa haƙuri, sai ga ni a durƙushe gaban ƙarfe. Da ƙyar ya yarda. Kuɓewa suka biyo mu a layi suna guɗa.

Muka kife bahon, sai ga mu a ƙasa. Inji na tsakiyar fili yana ta aiki, Kuluwa na zuba tattasai tana waƙa, gyalenta kuwa ya sauko yana rarrafe wajen bel. Baba Tsautsayi ya yi tsalle ya riƙo gefen rana.

"Yi sauri, hantsi na fizge ni!"

Ba ni da sifana, sai na ɗaure ƙusoshin da ludayi, suka kuwa ɗauru tamau. Gyale ya iso ya ci karo da murfi, ya ji kunya, ya koma kafaɗa ya kwanta.

Bunsuru ya barbaɗa wa takardar gishiri ya tauna, ya ce ya daɗe bai ci mai daɗinta ba. Awaki suka hau tebura suna rawa. Baba Tsautsayi ya kwashe takalma a hannu ya sheƙa gidan suna yana sa min albarka. Kuluwa na ta tafi da hannu bibbiyu ba ta ma san dalili ba, ni kuma daɗi ya cika ni har da hawaye.

Tuk. Tuk. Tuk-tuk-tuk.

Na buɗe ido. Gari ya waye tarwai, kuma wannan ƙarar na san ta: Kuluwa ce ke tayar da inji, don ita ba ta jiran kowa. Na fita a guje ko ɗankwali babu, na ture bokitan masu markaɗe, na kashe shi.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Matsa nesa da bel ɗin nan, ki miƙo min tsani."