Abin da Aka Hana Malam Namadi

Sambo yana juya gyaɗa a kasko sa'ad da Madam ta tambaye shi ko mahaifin nasa yana samun barci. Ya ce ba ya samu, kuma gaskiya ya faɗa. Ta tambaya ko fatarsa ta bushe, ko tafin ƙafarsa yana sanyi, ko ya rame. Duk ya amsa da e, kansa a sunkuye cikin hayaƙi.

Madam matar malamin lissafi ce, Ba'indiye, ɗaya daga cikin waɗanda sabuwar Jihar Sakkwato ta ɗebo da kuɗin man fetur ta rarraba su makarantu. Sambo ne kukunsu a gidajen malamai na Tambuwal. A shekarun da ya yi a kicin ɗinta ya haddace ilmin abinci na kakanninta, wanda take kira Ayurbeda. A wurinta mutane iri uku ne: akwai na iska, akwai na wuta, akwai na ruwa, kuma kowa da abin da ya kamata ya shiga bakinsa. Na iska yana son maiƙo da ɗumi. Na wuta kuwa, ba shi gyaɗa daidai yake da zuba mai a murhu. Mijinta na wuta ne, don haka duk ranar da aka yi miyar gyaɗar nan da ta koyo a ƙasar Tailan, inda suka yi aiki kafin su zo nan, shi dafaffiyar kabewa ake ajiye masa, yana ci yana kallon kwanonta.

Saboda haka Sambo ya san amsoshin da ake bukata tun kafin a yi tambayoyin.

Ta tambaya ko tsohon mai fushi ne. Nan cokalin ya ɗan tsaya, domin a ilminta fushi alamar wuta ce. Malam Namadi mutum ne da a da in ya ɗaga murya a gona ana jin sa a bakin kasuwar Kebbe.

"Yanzu ko muryarsa ba a ji," in ji Sambo.

Wannan ma gaskiya ce. Game da idanun tsohon, da suka koma ruwan ɗorawa, wata alamar wutar, ba ta tambaya ba, shi ma bai ga dalilin ɗaga kai daga kasko ba.

"Babanka iska," in ji Madam da Hausarta mai tsalle-tsalle. "Iska yana son mai. Ka ba shi da ɗumi."

Tun farkon damina aka dawo da Malam Namadi daga asibiti a Sakkwato. Likita ya ja Sambo gefe a baranda, ya ce su koma da shi gida, su ba shi duk abin da ransa yake so. Sambo ya gane abin da ake nufi. Da ya isar da maganar ga Gwaggo Dada, yayar mahaifinsa, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarsa, sai ta ce likita ba shi ke raba kwana ba, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin ƙanenta ta zauna.

Daga nan 'yan dubiya suka fara zuwa. A Kebbe ba a zuwa dubiya hannu biyu. Wanda ba shi da goro yana da hani, kuma hani ba ya cin ko kwabo. Na'Allah wanzami ne ya fara: ya buɗe idon mara lafiya da yatsa, ya ce shawara ce, a ɗauke mai da gyaɗa. Wani ya ɗauke gishiri. Wata ta ɗauke nono saboda wani ɗan'uwanta da ya sha ya kumbura a Fakku. Nama ya tafi, sukari ya bi shi. Kowa ya ajiye nasa ya yi addu'a ya tafi gida ya ci tuwonsa da miya. Hani kuma in an sa shi babu mai janyewa, domin duk wanda ya ce a ba mara lafiya abu kaza, in ta Allah ta kasance, sunansa za a riƙa raɗawa a zaman makoki. Abin da ke iya ture hani ɗaya ne, wato maganin da ya zo daga nesa. Na Sakkwato ya fi na Kebbe, na Makka ya fi na Sakkwato.

Abin da ya rage wa Malam Namadi shi ne kunun gero tsura. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a noman gyaɗa, tun ana loda ta a manyan motoci har cuta ta cinye gonaki aka daina zancenta, abu guda ya roƙa: miyar gyaɗa, ko da cokali biyu. Ya roƙa har ya gaji. A zuwan Sambo na ƙarshe ya tarar ya juya fuska bango, kunun ma ya daina karɓa.

Sambo ya murje gyaɗar, ya fece ɓawon, ya zuba a turmi. Madam tana tsaye tana ba da umarni kamar bai taɓa yi ba. Ya daka har ta fara fitar da mai. Ya goge kwakwa ya tace ruwanta fari tas, ya jiƙa tsamiya, ya kirɓa citta da tafarnuwa da jan barkono kaɗan. Ta hana shi ƙara barkonon, ta ce na iska ba ya son yaji da yawa. Ta ɗiga wani baƙin ruwa mai gishiri daga kwalbar da take sayowa a kanti a Sakkwato, ta jefa guntun mazarƙwaila. Wuta kaɗan-kaɗan, juyi ba tsayawa, har miyar ta yi kauri, jan mai ya taso ya kewaye bakin tukunya. Ƙamshin kwakwa da tsamiya ya hau kan na gyaɗa ya zauna. Bai kashe shi ba, amma ya danne shi.

Ya juye a langa mai murfi, ya ɗora a kan wata langar ta farar shinkafa, ya ɗaure su da ƙyalle. Madam ta ba shi hutun yini, ta ce ya gaida baba.

A bayan a-kori-kura mai zuwa Kebbe ya rungume ƙunshin a cinya. Ruwan sama ya cinye hanya, motar tana faɗawa rami tana fita, fasinjoji suna karo da juna suna ba juna haƙuri. Duk tsawon tafiyar lissafi ɗaya yake yi. Malam Namadi ya rene shi a kan cewa ɓarawo ya fi maƙaryaci, tunda ɓarawo ana iya kulle masa ƙofa. Sambo ya girma bai iya ƙarya ba, kamar yadda wani ke girma bai iya iyo ba. To yau me ya yi? Ya bi maganganunsa na safe ɗaya bayan ɗaya, bai sami ta jefarwa ba. Kowace gaskiya ce. Sai dai ya tsince su ne kamar yadda ake tsintar gyaɗar iri, a ɗauki masu kyau a ture sauran. Ya tambayi kansa ko tarin gaskiya zaɓaɓɓiya yana iya haɗuwa ya zama ƙarya guda, kuma in ya zama, a littafin wa za a rubuta, nasa ko na Madam da ta yanke hukunci.

Wani dattijo da ke gefensa ya tambayi abin da ke cikin langa. Da ya ji na mara lafiya ne, ya yi masa fatan sauƙi, sannan ya ce ko mene ne ciwon, a kiyaye shi da kuɓewa.

Ya isa gida gab da la'asar. Dada tana kan tabarmarta, Na'Allah wanzami yana tsugune kusa da ita yana ba ta labarin wani da ya warkar. Bayan gaisuwa idonta ya sauka a kan ƙunshin.

Sambo ya riga ya shirya kalmominsa tun a mota. Ya ce daga wurin Ba'indiyar da yake wa aiki ne. Ya ce ta san ilmin magani na ƙasarsu, wanda ya girmi asibiti. Ya ce ta yi tambayoyi a kan Baba, ta gano irin jikinsa, ta tsaya da kanta aka haɗa wannan, ta ce a ba shi da ɗumi. Bai ce magani ne ba. Ya bar su su faɗa da bakinsu.

"Maganin Indiya ke nan," in ji Na'Allah, ya gyara tsugunno. Ya ce ai su Indiyawa ba a ja da su, shi ma akwai wani sirri nasu a hannunsa.

Dada ta kwance ƙyallen da kanta. Ta ɗaga murfin. Matar nan ta yi shekara da shekaru tana soya ƙuli-ƙuli tana matsar mai, har yanzu akwai tabon kasko a bayan hannunta. Ta kai langar kusa da hanci, ta daɗe a haka. Sambo ya kafa ido a kan wata kaza da ke tono a gindin rumbu.

Ta tambayi abin da ya sa shi ja. Ya ce barkono ne kaɗan da mazarƙwaila. Ta tambayi farin ƙamshin da take ji. Ya ce kwakwa ce. Ya jira tambaya ta gaba. Dada ta mayar da murfin, ta ce a ɗora a garwashi ya yi ɗumi.

Ɗakin yana warin ciwo da turaren da ake ƙonawa don a rufe shi. Malam Namadi yana kwance, fuska a bango, kafaɗunsa sun fito ta cikin riga. Sambo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗaga shi ya jingina da matashi. Bai fi nauyin damin kara ba.

"Baba, ga abu na zo maka da shi."

Tsohon ya ce in kunu ne a ba kaji. Dada daga ƙofa ta ce ba kunu ba ne, magani ne daga Indiya, ya daure ya karɓa ko da ɗaci.

Sambo ya cakuɗa shinkafa kaɗan da miyar, ya kai cokali. Malam Namadi ya buɗe baki irin na wanda ya saba da haɗiyar saiwa. Ya rufe. Muƙamuƙinsa ya motsa sau ɗaya, ya tsaya. Idanun nan masu ruwan ɗorawa suka ɗago a hankali suka sauka a kan ɗansa. Sambo ya san kallon. Da shi ake tsayar da shi yana yaro a tambaye shi inda ya je.

Tsohon ya haɗiye. Ya yamutsa fuska sosai, yadda na ƙofa za su gani.

"Wanga magani da ƙarfi shike," ya ce. "Ƙaro."

Bayan cokali na uku ya ture hannun Sambo, ya jawo kwanon cinyarsa ya sa yatsu. Yana ci a hankali, yana hutawa, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Na'Allah ya leƙo ya ce ga shi nan, ciwon ne ke fita ta gumi. Wasu mata na maƙwabta suka taru a bayan Dada suna ta hamdala.

Sai Dada ta yi gyaran murya. Ta ce ita dai tun tasowarta ba ta taɓa ganin magani na gaske da ba shi da hani ba. Wanda ba shi da hani abinci ne kawai, abinci kuwa an san dokarsa a gidan nan.

"Sambo," ta ce. "Mi Ba'indiyar ta ce a kiyaye shi da shi?"

Madam ba ta ce a kiyaye shi da komai ba. Sambo ya laluba cikin duk gaskiyar da ya zo da ita daga Tambuwal, bai sami wadda za ta shiga wannan gurbi ba. Ya dubi Dada. Fuskarta ba ta gaya masa komai ba, ko ta sani ko ba ta sani ba, jira kawai take yi. Ya dubi mahaifinsa. Hannun tsohon ya tsaya cak a cikin kwanon, jan mai yana gangarowa a bayan yatsunsa, kuma bai ɗago kai ba.

"Gyaɗa, Gwaggo," in ji Sambo. "Ta ce ko kusa da ita kar ya je."

Na'Allah ya juya ga matan, ya tambaye su ko ba abin da ya faɗa tun ranar farko ke nan ba. Ga shi har Indiya an sani. Dada ta gyaɗa kai, ta ɗauki langar da sauran miyar, ta ce ita za ta riƙa auna masa safe da yamma, kuma Sambo ya gaya wa matar ta haɗa wani kafin wannan ya ƙare. Ta aika a gaya wa maƙwabta duk mai suyar gyaɗa ta yi nesa da katangar gidan, kada ƙamshi ya karya magani.

Malam Namadi ya ci gaba da ci. Da ya suɗe kwanon ya miƙa wa ɗansa, ya riƙe gefensa bai saki da wuri ba.

"Allah shi gafarta maka," ya ce a hankali, yadda su biyu kaɗai za su ji. "Jibi ka ƙara gishiri."