Hannun Hagun Fintan Mai Goge

Mossie Devaney azzalumi ne, kuma matsoraci. Ya ragargaza hannun mutumin da bai taɓa yi masa komai ba, a gidan bikin ƙanwarsa, fuskarsa a rufe. Masu cewa giya ce ta sa shi ƙarya suke yi, domin ranar ko kurɓi ɗaya bai yi ba. Hassada ce, kuma shekara bakwai ya yi yana kiwonta.

Ubansa, tsoho Packie Devaney, shi ne mai gogen ƙauyen Killavarra da kewayensa, can yammacin Ailan. Yana da wani kiɗan rawa mai sauri da ya gada daga kakansa, ba a rubuce yake ba, ba shi da wani suna sai kiɗan gidan Devaney. Irin wannan kiɗa daga kunne zuwa kunne yake tafiya. Packie ya yi iya ƙoƙarinsa ya sa shi a hannun ɗansa, amma Mossie ba shi da kunne. In ya ja goge, har karen gidan tashi yake ya fita. Wanda ya ɗauke kiɗan tsaf shi ne Fintan Gilhooly, ɗan maƙwabta, mai gyaran katangar dutse. Da tsohon ya ga ajali ya matso, sai ya miƙa wa Fintan gogen a gaban shaidu, ya ce masa kada ya bari kiɗan ya bi shi kabari.

Ranar jana'iza, tun ba a gama mayar da ƙasa ba, Mossie ya tare Fintan a ƙofar maƙabarta.

"Riƙe gogen, katako ne. Amma kiɗan namu ne. Ranar da na ji ka kaɗa shi a bainar jama'a, ka yi sallama da yatsunka."

Fintan mutum ne mai gudun rigima. Shekara bakwai yana kiɗa a biki da suna da rawar da ake yi a mararrabar hanya, bai taɓa kaɗa wannan ba. Sai a garken shanu yake maimaita shi don kada ya ɓace masa, shanunsa biyu ne kaɗai masu sauraro.

Da auren Attracta, ƙanwar Mossie, ya tashi, ta ce ba mai yi mata kiɗa sai Fintan. Mossie ya ce in haka ne ba zai taka gidan ba. Ta ce ya huta, an rage bakin ci.

An ɗaura aure a coci da safe. Kafin la'asar an ci naman alade da dankali da kabeji, an ture tebura gefe, an buɗe fili a tsakiyar babban ɗakin gidan ango. Fintan na zaune a kujerar mai kiɗa kusa da murhu, domin sanyi na sa yatsu su sandare. Ya yi awa uku yana ja, takalman maza na dukan daɓen dutse har tartsatsi na tashi.

Amarya ta zo ta tsaya a gabansa, gumi na bin wuyanta.

"Fintan, saura na Baba."

"Wanne daga ciki?"

"Kada ka maishe ni yarinya. Ka san wanda nake nufi."

"Attracta, kin san abin da yayanki ya faɗa."

"Yayana yana gida yana wa kaji wa'azi. Ni ba 'yar Packie ba ce? Ko a kan hanya aka tsince ni?"

Gwaggo Delia, ƙanwar marigayin, wadda ta haura saba'in amma bakinta bai tsufa ba, ta sa baki daga inda take zuba shayi.

"Kaɗa mata, kai. Ɗan'uwana bai ba ka shi don shanu su yi ƙiba ba. Duk garin nan an san kana yi musu."

Aka yi dariya. Kunya ta kama Fintan, ya sunkuyar da kai ya ɗaure tsirkiya. Da ya ɗora bakan gogen ya ja layin farko, ɗakin ya yi tsit. Tsofaffi suka ajiye kofuna. Gwaggo Delia ta kai gefen gyalenta ido. Sai ango Colm ya kama hannun matarsa suka faɗa fili, sauran suka bi. Fintan ya ji yatsunsa na hagu suna gudu a kan tsirkiya kamar ba shi ke aika su ba, ya kuma gane cewa shekara bakwai ya yi yana jin yunwar wannan.

Ana cikin haka aka buga ƙofa sau uku da sanda.

'Yan kara ne. Su takwas suka shigo a jere, kowa sanye da rigar karan alkama har gwiwa, da doguwar malafa mai tsini wadda ta rufe fuska ta sauka kafaɗa. Ba wanda ya razana. Bikin da 'yan kara ba su zo ba, an raina shi ke nan. Ba gayyatarsu ake yi ba, ba sa magana, shugabansu ya yi rawa da amarya, a ba su abin sha, su tafi su ƙone kayan a bayan gari. Ba a tambayar su waye, ba a kuma taɓa malafarsu. Wanda ya buɗe fuskar ɗan kara ya jawo wa auren tsiya.

"Ku shigo, 'ya'yan dawa," in ji Gwaggo Delia. "Wancan mai gwamen ƙafa ko a buhu aka sa shi na san uwarsa."

Shugabansu ya rusuna wa amarya, ta ba shi hannu. Fintan ya ci gaba da kiɗan, bai yanke ba. Ta gefen ido ya lura na ƙarshen layin bai shiga rawa ba. Yana bin bango a hankali, yana zagayowa wajen murhu. Fintan ya zaci wuta yake son ji.

Mutumin ya fizge bakan gogen, ya karya shi a gwiwa, ya hankaɗe kujerar da ƙafa.

Fintan ya tafi ƙasa. Da ya saki gogen ya tare faɗuwar da hannu biyu, da wataƙila ya tsira. Amma mai kiɗa ba ya sakin goge. Ya rungume shi a ƙirji da dama, ya dafa daɓe da hagu, yatsu a baje. Takalmi mai ƙusa ya sauka a kansu. Ya ɗaga ya sake sauka. A karo na uku mutumin ya ɗora dukan nauyinsa a dunduniya ya murza, kamar mai kashe kunama. Har bakin ƙofa an ji ƙarar ƙashi.

Ihun Fintan ne ya tsayar da rawa. Colm ya saki matarsa ya rarumi benci, ƙannensa uku suka bi bayansa. Sauran 'yan karan ba su san abin da aka shirya ba, sai ganin benci suka yi a kansu, suka ɗaga sandunansu. Ɗakin ya rikice. Kwalba ta fashe a goshin wani, jini ya rufe masa ido. Aka kifar da teburin abinci, tukunyar shayi ta ƙone ƙafar wata mata. Wani ƙanen ango ya sami ɗan kara ɗaya ya matse shi a bango yana naushin cikinsa, ya kai hannu zai fizge malafar.

"Kada ka taɓa," Gwaggo Delia ta daka masa tsawa. "Ka karya masa haƙarƙari in kana so, amma ka bar masa fuskarsa. Auren yayanka ne."

Hannun ya tsaya a sama, ya dawo. Haka suka yi ta dukan juna, maza sun fi ashirin, kowa jini a baki, amma ba wanda ya yarda ya zama shi ne ya buɗe fuska. Da wannan Mossie ya dogara tun farko. Ya san mutanensa za su iya fasa kan mutum, amma ba za su keta al'ada ba. Abin da ya rage masa shi ne ya saje da sauran bakwai ya kai ƙofa. In ya fita, kayan za su zama toka kafin gari ya waye, kuma ba mai iya rantsuwa gaban alƙali cewa ya ga fuskarsa.

Fintan na kwance yana kallon hannunsa. Bai yi kama da hannu ba. Ya san wanda ya yi, kowa ma ya sani, amma sani ba shaida ba ne. Ya ga takalmin mai jininsa ya juya zai wuce. Sai a lokacin ya ajiye gogen. Ya miƙa dama ya cafke idon sawun, ya jawo shi ƙirji ya ƙanƙame.

Mossie ya shure shi a baki da ɗaya ƙafar, haƙori ya fita. Fintan bai saki ba. Ya sake shurinsa a kunne, a wuya, ya ja shi a ƙasa taku biyu. Fintan ya tofar da jini ya ce, "Sai dai ka tafi da ni."

Mossie ya tattara ƙarfinsa ya fizga baya. Takalmin ya zame ya zauna a hannun Fintan, shi kuma ya tafi da baya, ya faɗa zaune cikin murhu.

Busasshen kara ba ya jira. Wutar ta kama gindin rigar ta haye baya, kafin ya miƙe ta kai tsinin malafar. Ya yi ta juyi a tsakar ɗaki yana dukan jikinsa, mutane suna ja da baya. Sai ga shi, da hannunsa, ba da na kowa ba, ya kama malafar ya yage ta ya jefar. Gashinsa na hayaƙi, fatar kumatunsa ta saɓule. Colm ya kwara masa bokitin ruwa, ya zube a gwiwa yana nishi, fiye da mutum sittin suna kallonsa.

Attracta ta matso, farar rigarta duk toka. Ta tsaya a kansa.

"Da ma ka ce ba za ka taka gidan ba."

Mossie ya buɗe baki. "Kiɗan na Babanmu ne."

"Na Babanmu ne, ka kuwa kashe shi yau," in ji ta. Ta juya ta durƙusa wajen Fintan, ta yage gefen mayafinta ta naɗe masa hannun.

Likita ya cire yatsu biyu, na tsakiya da mai bi masa, sauran suka warke a sandare. Fintan ya koma gyaran katanga. Bai sake danna tsirkiya ba. Kiɗan gidan Devaney yana nan a kansa, yakan rera shi da baki ga duk mai goge da ya zo nema, amma masu tuna yadda yake a da sun ce ba haka yake ba.

Mossie ya yi wata biyu a asibiti, daga nan aka wuce da shi kotu. Mutum goma sha ɗaya suka ba da shaida, ƙanwarsa ce ta farko. Alƙali ya ɗaure shi shekara huɗu da aiki mai tsanani. Ya yi su cif, ya fito da rabin fuska.