Ɗanyen Ice a Valdivia

Ferney ya baro Medellín, garin da bai taɓa neman rigar sanyi ba, ya sauka Valdivia da rani, can kudancin duniya inda sanyi ke farawa a Afrilu. Da Afrilu ya kama, ganye ya fara zuba, ruwa ya tsuge ba ƙaƙƙautawa, sanyi ya shige shi har ɓargo. Ya sayi ice lodi guda ya cusa a murhun ƙarfen ɗakinsa. Wuta ta ƙi ci, sai baƙin hayaƙi ke ta tashi ta bututu.

Ran nan da hantsi ruwa ya ɗan tsagaita, sai Doña Ercilia, tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi, ta buga ƙofa kamar za ta ɓalla ta.

"Kai baƙo! Kashe mu ka zo yi? Duk shanyata warin hayaƙi take!"

"Yi haƙuri, Mama, icen ne ya ƙi kamawa."

"Ban haife ka ba. Ɗanye ne, sakarai! Mu nan tun da rani muke saye mu busar. Wanda bai iya sanyi ba ya koma garinsu ya ci ayaba."

Ferney ya dube ta, haƙoransa na kaɗawa. "Ai ɗanki ne ya sayar mini. Har rantsuwa ya yi busasshe ne."

Ta gyara mayafi. "To wa ya ce ka yarda?"

Ya banko ƙofa. Ya ƙara ɗanyen ice uku a murhu, ya ja bargo, ya zauna bakin taga yana kallon hayaƙi na sauka kan zannuwanta.