Finafinan Hajiya Ɗija

Wasiƙar kamfanin intanet ta iso gidan Mudathir a garin Hyattsville, can ƙasar waje, ranar Asabar, yana shirin tafiya gidan rediyon da yake aiki. Sau biyu ya karanta ta a tsaye. Wai an sauke finafinan sata goma sha ɗaya ta layin gidansa, in aka ƙara za a yanke layin, kuma masu finafinan na iya kai shi kotu.

Ya kira 'yarsa Mubaraka ya rufe ta da faɗa. Yarinya ta yi ta rantsuwa da Turancinta har ta fara hawaye. Sai mahaifiyarsa Hajiya Ɗija, wadda ta zo daga Kano wata biyar da suka wuce, ta leƙo daga ɗaki.

"Ƙyale yarinyar nan. In dai fim ne, ni ce."

Mudathir ya lalubi kujera ya zauna. Tsohuwar da ko lambar waya sai an danna mata. Ashe wata maƙwabciya ce ta koya mata shiga wani shafin sauke finafinai, da ta ga tana wuni ita kaɗai in kowa ya fita.

Da ya yi mata bayani a hankali cewa sata ce, sai ta dube shi.

"Sata? Ni, da furfurata?"

Ranar ko abincin rana ba ta taɓa ba. Tambayarta ɗaya, wa za ta nema ya yafe mata, tunda ba ta san masu hakkin ba.

Ranar Litinin Mudathir ya kai ta laburaren unguwa. Wata ma'aikaciya mai suna Edna ta yi mata katin aro, ta nuna musu yadda ake aron fim ta waya kyauta, ya yi 'yan kwanaki ya koma da kansa. Shi kansa Mudathir shekararsa tara yana wucewa ta ƙofar nan bai sani ba. Hajiya kuwa sau uku tana sa shi ya tambaya ko masu fim ɗin sun yarda, Edna tana cewa da izininsu ne.

Sai dai akwai wani fim cikin waɗanda Hajiya ta sauke, wanda ta kai rabinsa, ba ya cikin na aro. Edna ta rubuta sunansa, ta ce za ta nema. Mubaraka ta raɗa wa kakarta cewa ai yana nan a wayar ita Hajiya, ba a goge ba tukuna. Hajiya ta miƙa mata wayar ta ce ta goge shi yanzu, a gabanta.