Dozin ɗin Tasalla

Malam Namadi yana shirin kai loma ta biyu aka dafa kafaɗarsa. Yana zaune ne wajen mai shayi a bakin kasuwar Ƙaura, gabansa soyayyen ƙwan zabi guda ɗaya tak.

"Sarkin Kasuwa na nemanka," in ji Sanusi, ɗan kwamitin awo da aka kafa bayan zuwan Shari'a. "An ce ka taho da ƙamus."

Ƙamus dai kullum yana cikin jaka, don shekara ashirin ke nan Namadi yana koyar da Turanci a sakandare. Sha ɗaya daga cikin shekarun nan kuma yana da wata 'yar al'ada da bai taɓa gaya wa kowa ba. Duk ranar kasuwa da damina, matarsa Balaraba kan ce ya sayo mata dozin na ƙwan zabi. Wajen Tasalla yake saye, wata tsohuwa mutuniyar Moriki, wadda dozin ɗinta goma sha uku ne tun kafin a raba Zamfara da Sakkwato. Sai ya kai sha biyu gida, na sha ukun ya biya da shi wajen mai shayi. A lissafinsa, ladan aike ne.

Ya tarar mutane sun yi da'ira. A tsakiya wani sabon mai ƙwai ne, Aliyu, durƙushe yana ta zufa. Ya sayar wa wani mutum dozin, aka ƙirga aka ga sha biyu. Kasuwar kuwa ta saba da hannun Tasalla, har sauran masu ƙwai sun bi ta. Kuma duk wanda aka kama da tauye awo, rumfarsa ta tafi.

"Malam," in ji Sarkin Kasuwa, "kalmar ga ta Turawa ce, kai ne gwaninta. Nawa ne dozin?"

Namadi ya san amsa sarai. Ya kuma san Tasalla, wadda ke zaune gefe ta kasa kunne. Sai ya buɗe ƙamus a hankali, kamar mai neman abin da ya ɓata.

"Ranka ya daɗe, kalmar tana da tarihi. Shi kansa Bature aro ya yi wajen Faransawa. In ka ƙetara Maraɗi za ka ji 'yan boko suna cewa duzen."

"Ashe Bature ma yana aro," wani ya ce daga baya.

"Su kuma Faransawa sun gaje ta daga Latin, harshen mutanen Rum na dā. Ana amfani da ita wajen ƙwai, da kwanuka, da fensir..."

"Malam, rana tana yi. Nawa ne?"

Namadi ya dubi Aliyu da ke durƙushe. Har yanzu da ɗanɗanon ƙwai a bakin Namadi. Ya rufe ƙamus.

"A Latin ma'anarta biyu da goma. Sha biyu ne. Bawan Allah bai tauye komai ba."

Aliyu ya miƙe yana ta zuba godiya. Tasalla kuwa ta gyara mayafi.

"To ni shekara talatin wauta nake yi ke nan?"

"Ba wauta ba ce, Inna. Gyara ce kike yi wa jama'a."

"Gyara da sani ake yin ta. Daga yau sha biyu, littafi ya faɗi." Ta ƙare masa kallo. "Kai da ka sani, mi ya hana ka faɗa mani? Kullum ka karɓa, ka ce Allah ya ƙara kasuwa."

Har Sarkin Kasuwa sai da ya rufe baki da rawani.

Da kasuwa ta zagayo, Tasalla ta ƙirga wa Namadi sha biyu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, don na kusa su ji. Ya wuce mai shayi kansa a sunkuye, ya miƙa wa Balaraba kayanta, ya zauna kan tabarma ya buɗe littattafan ɗalibai da ba shi da niyyar dubawa.

Can sai ga ta da kofin shayi da ɗan faranti. Ƙwai ɗaya ne a ciki, soyayye, da albasa, daidai yadda yake so.

"Ga naka. Na san yau ba a tsaya a hanya ba."

Namadi ya dubi farantin, ya dube ta. "Dama kin sani?"

"Malam," ta ce tana komawa madafa, "shekara sha ɗaya kana dawowa daga kasuwa da mai a gemu."