Robar Kawu Mijinyawa

Ko sallama Kawu Mijinyawa bai yi ba. Ya sauka daga babur, ya dangwarar da tsohon injinsa na huda katako a kan teburin Sagiru mai gyaran kayan wuta, kasuwar Gwarzo tana tsaka da ci.

"Ɗan 'yar'uwata ne zai sa mini jabu? Ni?"

Jiya-jiyan nan Sagiru ya canza masa makunnin da ke rage gudu da ƙara shi, don na ainihin ya ƙone. Yau ga shi tun daga Kabo, hannu ɗaure da tsumma. Wai yana dannawa injin ya ɗauki gudu ya ƙi tsayawa, ya tsaga ƙyauren da yake haɗawa, ya murɗe masa wuyan hannu.

Mutane suka fara taruwa. To mai gyara me ya mallaka in ba sunansa ba? In aka ce Sagiru ya cuci kawunsa na jini, wa zai sake kawo masa ko tocila? Ransa ya ɓaci matuƙa, amma ya haɗiye.

Injin nan ya girmi Sagiru. Mariƙinsa ya daɗe da tsagewa, Kawu yana naɗe shi da robar tayar keke. Sagiru ya warware robar, ya kwance notuna, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta saki. Ya gwada da mitar auna wuta, ya mayar, ya jona wuta. Ya danna kaɗan, injin ya juya a hankali. Ya ƙara, gudu ya ƙaru. Ya saki, ya tsaya cak.

"Kawu, lafiyarsa ƙalau."

"Au, ni ne maƙaryaci ke nan? Ba ni shi nan!"

Ya fizge injin, ya naɗe robarsa tamau yadda ya saba shekara da shekaru, ya danna. Wayyo! Injin ya kama kuka yana fizge-fizge, sai da aka zare filogi.

"Kun gani ko? Kowa ya shaida!"

Sagiru ma ya gani. Sabon makunnin yana da wani ɗan maɓalli a gefe mai kulle shi a kan gudu, abin da tsohon ba shi da shi. Robar Kawu ce ta bi ta kansa ta danne. Duk wannan tijara, ashe roba ce!

Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi. Ya buɗe baki, sai ya dubi furfurar Kawu, ya dubi 'yan kasuwa masu jiran abin dariya. Waɗannan in suka samu, har ya mutu Mai Roba za su riƙa kiransa. Kuma da wane ido shi Sagiru zai dubi mahaifiyarsa?

Ya karɓi injin, ya juya baya, ya sa filaya ya cire maɓallin.

"Laifina ne, Kawu. Wata waya ce ban ɗaure da kyau ba. Ka yi haƙuri."

"Ai na faɗa! 'Yan zamani, sai baki."

Ya gwada, ya ga ya yi, ya hau babur ko waiwaye babu.

Hajiya Uwaliya, wadda ta kawo dutsen gugarta take jira tun safe, ta miƙa hannu ta ɗauke kayanta.

"Bari in gwada wancan layin, Sagiru."

"To, Hajiya," ya ce. "A sauka lafiya."